Tirela Tana Jebba, Kai Kana Kano: Yadda Ake Kula da Manyan Motoci da Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa zuba kuɗinsa a tirela ya san wannan kiran. Ka buga wa direba da hantsi ka ce, "Malam, kuna ina?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga mu nan mun kusa Jebba." Washegari war haka ka sake kira, ya ce, "Yanzun nan muka tsallake Jebba." Kai kuwa ka san Jebba gari ne da gada, ba jiha ba ce da za a kwana a wuni ana ratsawa. Mai kaya a Legas ya hana ka sakat, kai ma ba ka da amsar ba shi sai wadda aka ba ka.

Shekara shida ke nan ina riƙe wa kawuna lissafin motocinsa. Guda biyar ne, DAF uku da Howo biyu, yawancin aikinsu ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas, su dawo da abin da ya samu. Tsarin da zan bayyana shi ne wanda muka zauna a kai bayan mun sha kuskure iri-iri, kuma na jera shi yadda na so a ce mun bi tun farko. Mu da sayen na'urar bin diddigi muka fara, wadda 'yan gareji ke kira tiraka, wai don mu kama direbobin da ke sayar da gas ɗin mota. Wata uku muna kallon ɗigo yana rarrafe a taswira ba mu ƙaru da ko sisi ba, domin ba mu da abin da za mu auna ɗigon da shi.

Mataki na farko: buɗe littafi kafin ka sayi komai

Sauke Google Sheets a wayarka. Kyauta ne, kuma ko wayar ta faɗa ruwa lissafin yana nan a asusunka na Google. In ba ka saba da shi ba, sa wani yaro ya tsara maka sau ɗaya, daga nan cikewa ce kawai.

Kowane sawu layi ɗaya. Gidajen da za ka buɗe: lambar mota, direba, inda aka ɗauka da inda za a kai, irin kaya da nauyinsa, kuɗin ɗauka, abin da aka bayar kafin tashi da balas ɗin da ya rage, litar gas, kuɗin hanya, kuɗin ɗan kamasho, gyaran da ya taso. Sai ranaku, kuma a nan mutane ke kasala. Kada ka tsaya a ranar tashi da ranar dawowa. Rubuta ranar da mota ta shiga layin lodi, ranar da ta tashi, ranar da ta isa, ranar da aka gama sauke ta, ranar da ta sami kayan dawowa, da ranar da ta shigo gida. Ranaku shida ke nan, kuma za ka ga amfaninsu nan gaba.

Yi wata guda kana cikewa ba tare da ka canza komai a harkar ba, ba tare da ka tuhumi kowa ba. So kake ka san yadda motocinka suke a yanzu. Wanda bai san lita nawa motarsa ta saba sha zuwa Legas ba, ko an sace masa ba zai gane ba, ko ba a sace ba zai yi zargi.

Mataki na biyu: waya da zaure ga kowace mota

Ka saya wa kowace mota wayarta. Ƙaramar Tecno ko itel mai riƙe caji ta wadatar. Wayar ta mota ce, in direba ya bar aiki tana nan. Saka mata layi biyu na kamfanoni daban, misali MTN da Airtel, don inda wannan ya ɗauke wancan yakan kama. Ka lura da caja: wutar tirela bolt 24 ce, cajar ƙaramar mota kuwa da yawa na 12 ne. Mun ƙona uku kafin wani mai gyaran wayarin ya yi mana dariya ya nuna mana rubutun da ke jikinta.

Sannan ka buɗe zauren WhatsApp na motar ita kaɗai, sunansa lambar motar. Mutum huɗu sun isa: direba, yaron mota, mai riƙe littafi, da mai mota. Kada ka tara duk direbobinka a zaure guda don aiki. Kafin mako ya zagayo ya koma wurin barkwanci da wa'azi da tallan fili, hoton takardar kaya ya nutse a tsakani.

Direbobi da yawa karatun boko bai zauna musu ba, amma babu wanda bai iya saƙon murya da ɗaukar hoto ba. Don haka kada ka ɗora musu cike fom. Abin da muke nema a kowane sawu hoto biyar ne: takardar kaya bayan lodi, kayan a kan mota kafin a rufe tamfol, fuskar famfon gidan mai duk lokacin da aka sha gas, duk abin da ya lalace kafin a kwance shi, da takardar da mai karɓar kaya ya sa wa hannu. Ƙari a kai, saƙon murya biyu a rana, da asuba kafin a tashi da dare bayan an yi fakin. Akwai manhajoji irin su Timestamp Camera da ke buga kwanan wata da lokaci da wuri a jikin hoton. Saka ɗaya, domin hoton famfo na makon jiya da na yau kamarsu ɗaya.

In mota tana tafiya, wayar a hannun yaron mota take. Amsa waya a kan sitiyari laifi ne a dokar hanya, kuma kai mai mota da ke kira sau goma a wuni kana cikin masu jawo haɗarin. Kira yaron.

WhatsApp yana da hanyar nuna inda mutum yake kai tsaye, na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Ga mai mota ɗaya ko biyu wannan ma ya isa a fara. Akwai kuma Traccar Client, manhajar da ke mayar da waya tamkar tiraka. Sai dai ka sani duka biyun waya suke bi. In an bar wayar a shagon mai shayi a Tafa, taswira za ta rantse maka motar tana Tafa.

Abu na ƙarshe a nan: kunna wa kowace waya tabbatarwa mai mataki biyu ta WhatsApp, ka kuma gaya wa yaran kada su karanta wa kowa lamba shida da aka turo musu, ko da ya ce daga ƙungiya yake. Ta haka ake ƙwace layi, a shiga zaure da sunan direba a ce taya ta fashe a turo kuɗi.

Mataki na uku: yanzu ka sa tiraka

Ka fahimci yadda take aiki, don kada mai sayarwa ya yi maka romon baka. Na'urar tana gane inda take ne daga tauraron ɗan adam, wannan ba ya buƙatar sabis. Layin wayar da ke cikinta aikinsa aiko maka da labarin. In ta shiga dajin da babu sabis, mai kyau tana adana bayanan a cikinta, da ta fito ta turo su gaba ɗaya, sai ka ga hanyar ta cike. Marar kyau sai ta bar maka giɓi. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, masu motocin da ke bin can sun ga bambancin nan da idonsu. Tambayar farko ke nan da za ka yi: tana adanawa in babu sabis?

A kasuwa za ka tarar da masu araha na China irin GT06, da masu tsada irin Teltonika na ƙasar Lituweniya. Ga wanda wuri da gudu kawai yake son gani, mai arahar ma tana yi. In kana da niyyar haɗa ma'aunin tanki nan gaba, sayi mai ƙarfin tun yanzu.

Sauran sharuɗɗan da ba na sassautawa a kansu: ta ɗauki wutar 24, ta zama tana da ɗan batir nata a ciki, kuma ta yi ƙara a wayarka da zarar an yanke mata wuta. Layin da ke ciki a yi masa rajista da NIN ɗinka ko sunan kamfaninka. Haka kalmar sirrin manhajar, kai za ka canza ta a ranar da aka gama ɗaurawa. Mu mun bar wannan a hannun wanda ya ɗaura mana, da muka saɓa a kan kuɗin shekara sai muka wayi gari motoci biyu sun ɓace daga taswira, layukan kuma ba mu da ikon karɓo su. Ka kuma sa ranar sabunta datar layin a kalandar wayarka. Tiraka da yawa da ake cewa sun mutu, data ce ta ƙare, ko an daɗe ba a taɓa layin ba har kamfani ya rufe shi.

Manhajar za ta ba ka damar kunna faɗakarwa iri ashirin. Kunna huɗu. In ka kunna duka, wayarka za ta yi ta kuka har ka daina dubawa, ranar da abin gaske ya faru ka ɗauka irin na kullum ne. Huɗun su ne: an yanke wuta, mota ta motsa a lokacin da kuka yi da direba ba a tafiya, ta wuce gudun da aka ƙayyade, ta shiga ko ta fita daga da'irar da ka zana. Da'irar nan zane ne kake yi da yatsa a taswira, kewaye da wuraren da suka dame ka. Namu suna Dawanau, Mararrabar Jos, Mokwa, Ilori, Ogere, da wurin sauke kaya. Da mota ta ratsa ɗaya saƙo zai shigo da lokaci. Daga ranar ka daina tambayar "kuna ina".

Batun gudu, dokar hanya ta Najeriya ta tsayar wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, kuma tun Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu. Kowa ya san yadda ake yi da na'urar bayan an bar gaban jami'i. Tiraka ba ta hana gudu, amma tana rubutawa.

Akwai abin kashe inji daga nesa da masu ɗaurawa ke alfahari da shi. Ra'ayina, a sa shi saboda ɓarayi, amma lambarsa ta tsaya a hannun mutum ɗaya mai sanyin zuciya. Tirela mai tan talatin da inji ya mutu mata a gangara, sitiyari ya yi tauri, iskar birki ta daina taruwa, ba mota ba ce kuma, ajali ne. Ka tabbata taka irin wadda ba ta amsa umarnin sai mota ta tsaya ko ta rage gudu sosai ce. Kuma kada a taɓa amfani da shi don an yi fushi da direba.

Ka ɓoye inda aka ɗaura ta, amma kada ka ɓoye cewa an ɗaura. Kawu ya so a yi shiru a kama mutane. Babban direbanmu, dattijon da ya fara tuƙi tun ban shiga firamare ba, ya gano cikin kwana biyu, ya zo ya ajiye makulli a kan tebur ya ce, "Alhaji, in amana ta ƙare a sallame ni da mutunci." Da ƙyar aka shawo kansa. Abin da ya sauko da shi ba lallashi ba ne. Na buɗe masa manhajar a wayarsa na ce, "Baba, in mota ta lalace maka a dajin Birnin Gwari da dare, wannan ce za ta nuna mana inda za mu turo bakanike." Ya daɗe yana kallon ɗigon, sannan ya ɗauki makullinsa.

Mataki na huɗu: gas

Nan ne kowa ya ƙagu a zo. Hanyar auna shan mota ɗaya ce: cika tanki fal a gidan man da ka sani kafin tashi, rubuta duk litar da aka ƙara a hanya, sannan a sake cikawa fal a ƙarshen sawu. Abin da aka ƙara duka shi motar ta sha. Kilomita kuma ka ɗauka daga tiraka, don agogon kilomita na yawancin tsofaffin motocin nan ya daɗe da mutuwa.

A ce tiraka ta nuna kilomita 1,050 daga Kano zuwa Legas, gas kuma lita 420. Ka raba, kowace lita ta kai motar kilomita 2.5. Sawu na gaba, hanya ɗaya, kaya ɗaya, ta sha 480, ta sauko wajen 2.2. Lita 60 ke nan ba bayani, kuma tun da litar gas ta haura naira dubu, ka san abin da ake magana.

Sai dai kada ka yi saurin kiran mutum ɓarawo. Ka gwada mota da kanta, kada ka gwada DAF da Howo, ko mai tan 30 da wadda aka danna wa 45. Abubuwan da ke shanye gas ba da hannun kowa ba suna da yawa: lodi fiye da kima, taya marar isasshiyar iska, nozul da ya gaji, filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, birki mai kamawa, gudu, da barin inji yana aiki mota na tsaye. Wannan na ƙarshen tiraka tana nuna shi ƙarara, awa nawa inji ya yi a kunne ba motsi, kuma babban inji yakan sha lita biyu zuwa uku a awa a haka. Akwai kuma gidan man da famfonsa ke rubuta 200 alhali abin da ya shiga tanki bai kai ba. Wata motarmu ta yi sawu uku tana cin gas, har an fara yi wa direban kallon banza. Da na jera hotunan famfo sai na ga duk sawun ukun a gidan mai ɗaya ya sha a hanya. Muka canza wuri, lissafi ya koma daidai.

Wanda ke sayarwa kuma littafi ba ya rufa masa asiri. Za ka ga tsayuwar minti arba'in a wuri guda kowane sawu, wurin da ba masallaci ba gidan abinci, kuma shan motar yana hawa a hannunsa yana sauka in wani ya karɓe ta.

Ma'aunin da ake zurawa cikin tanki yana da amfani in motocinka sun yi yawa, don yana nuna lokacin da gas ya faɗi farat ɗaya mota na tsaye. Amma sai an daidaita shi da tankin: a zazzage shi, a riƙa zuba lita ashirin-ashirin ana rubuta abin da ya nuna har ya cika. Mai ɗaurawar da ya ce ba sai an yi haka ba, sallame shi. In motar tanki biyu gare ta, ma'auni biyu za ka saya. Kuma masu wayo ba daga tanki suke zuƙa ba, daga bututun da ke mayar da ragowar gas suke ɗiga a jarka mota na tafiya, ma'auni ba zai ga faɗuwa ba. Lissafin kilomita da lita ne kaɗai ke kama wannan.

Mataki na biyar: kuɗin hanya

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tiransifa, har mai faci a bakin titi yanzu yana da OPay ko Moniepoint. Yi amfani da hakan. Buɗe wa kowace mota asusunta, duk abin da ya shiga ko ya fita saboda ita ya bi ta nan, sai bayanin asusun ya zame maka littafi na biyu.

Kuɗin hanya kada ka damƙa shi gaba ɗaya a Kano. Mu kashi uku muke yi: na tashi, na Mokwa, na isa. Da saƙon da'ira ya shigo, kashi na gaba ya tafi. Gas kuma kai tsaye muke biyan gidan mai bayan hoton famfo ya shigo. Amma ka bar wa direba tsabar kuɗi daidai gwargwado, domin masu karɓar na shinge da 'yan haraji na kan hanya ba sa jiran alat.

Wannan tsari yana da haƙƙi a kanka, kuma a nan na ci karo da abin da ban zata ba. Wata motarmu ta kwana uku a Ogere ba motsi. Kawu ya yi ta faɗa, wai direba ya sami wurin zama. Da na koma zauren motar na bi saƙonnin da lokutansu, sai ga shi: ranar Talata da la'asar ya turo hoton taya biyu da suka fashe, ya yi saƙon murya sau huɗu. Kawu yana wajen biki, ni kuma ba ni da izinin fitar da kuɗin da ya kai haka. Sai ranar Juma'a aka tura. Na kai masa wayar na ce, "Kawu, wannan kwana ukun namu ne." Bai ji daɗi ba, amma daga ranar ya yanka mini adadin da zan iya turawa ba sai na neme shi ba. In za ka sa wa direba ido da waya, ka sani wayar tana rubuta naka jinkirin da minti da sakan.

Wajen karɓar balas kuma, hoton rasit da saƙon alat ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin ka ce a kwance tamfol.

Mataki na shida: ƙirga kwanaki

Koma kan ranaku shidan nan. A ce sawu ya bar maka ribar naira 900,000. In mota ta yi shi a kwana 9, kowace rana ta kawo 100,000. In ta yi shi a kwana 15, ta kawo 60,000. Kuɗin ɗauka bai canza ba, ba wanda ya saci lita ɗaya, amma kusan rabin abin da motar za ta iya samowa ya tafi a zaune. Da muka yi wannan lissafin na wata shida, abin da muke asara a jiran lodi da jiran saukewa da jiran kayan dawowa ya ninka abin da muke zargin ana sha a gas. Mun shekara muna farautar ɓera, giwa tana cin gonar.

Maganin yawancinsa kiran waya ne a kan lokaci. Da mota ta ratsa da'irar Ilori, mai karɓar kaya ya ji daga gare ka, ya tanadi wuri da masu saukewa. A lokacin ne kuma za ka fara neman kayan dawowa wajen 'yan kamashon da ka sani, ba sai an sauke mota ta koma gareji tana jiran sa'a ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin zai kuma nuna maka wane mai kaya ne ya saba riƙe mota kwana huɗu. Irin wannan ko dai ku yi yarjejeniyar kuɗin kwana tun kafin lodi, ko ka ƙara masa farashi.

Zaurukan WhatsApp na masu kaya da masu motoci suna da amfani, suna kuma da 'yan damfara. Wanda ba ka sani ba, ya ce a turo kuɗin kamasho kafin direba ya ga kayan da idonsa, ƙyale shi. Kuma kada ka taɓa saka inda motarka take da abin da ta ɗauko a zauren da ba ka san kowa a ciki ba.

In motarka tana shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can, tun Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta NPA ta koma tsarin kira ta manhajar Eto. Sai ka yi wa motar rajista, ka nemi izinin shiga, ta jira a garejin da aka amince da shi har a kira ta. Ka yi rajistar da kanka da takardunka, kada ka bar asusun a hannun wani ɗan tsakiya.

Game da zaɓen hanya, Google Maps da ƙaramar mota yake lissafi. Bai san gadar da tirela ba za ta wuce ƙarƙashinta ba, bai san inda ba a bi bayan magariba ba. Lokacin da gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a daminar 2017, a bakin direbobi labarin ya fara yawo. Wannan fanni ka bar wa direba da abokan aikinsa, kai dai ka sauke masa taswirar hanyar a waya don ta yi aiki ko babu sabis.

Mataki na bakwai: juye, taya da takardu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Tunda tiraka tana ƙirga kilomita, juye, wato canjin man inji, ya daina zama "in an dawo daga wannan sawun". Ka tambayi bakanikenka tazarar da ta dace da injin da irin man da kuke zubawa, ka saka adadin a manhaja ta tuna maka. Kowace sabuwar taya a ɗauki hoton lambar jikinta a tura zaure, don kada a fita da sabuwa a dawo da tsohuwa. Lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2322 na nufin mako na 23 a 2022.

Inshora, takardar lafiyar mota, lasin direba mai ajin G na tirela, duk ka ɗauki hotonsu ka adana, ka sa kalanda ta tashe ka saura mako uku su ƙare. Inshorar bogi ta yi yawa, kuma ana iya tantancewa a rumbun bayanan inshora na NIID ta shafin askniid.org da lambar mota. In motocinka sun kai biyar, ka shiga cikin waɗanda tsarin RTSSS na FRSC ya wajabta wa rajista a matsayin masu tarin motoci, kuma littafin nan naka zai rage maka wahala ranar da suka zo dubawa.

Masu tsallaka iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Illela zuwa Ƙonni, ku tambayi mai tiraka tun kafin ku biya ko layin cikinta yana aiki a Nijar. In ba a buɗe masa yawo ba, wato aiki a ƙasar waje, motar za ta ɓace daga taswira a bakin iyaka har sai ta dawo. Wayar mota kuma a tanadar mata layin can, na Airtel ko Moov ko Zamani.

Zaman ranar Asabar

Duk wannan ba ya aiki in ba a zauna an duba ba. Mu ranar Asabar bayan la'asar muke yi, rabin awa, da duk direban da ke gari. Abu uku nake karantowa ga kowace mota: kwana nawa sawun ya ci, kilomita nawa lita ta kai, sau nawa aka wuce gudu. Wanda lissafinsa ya fi na watan jiya kyau, ana ba shi wani kaso na abin da ya rage, a take, a gaban kowa. Wanda nasa ya lalace, shi kaɗai ake kira gefe, kuma tambayar farko ita ce ko motar tana da matsala.

Makon jiya Baba ne ya riga ni. Tun ban buɗe littafi ba ya zaro wayarsa ya ce, "Yaro, duba nan. Laraba ƙarfe goma na isa, ba su taɓa tamfol ba sai Juma'a. Ka rubuta wannan a gidan mai kaya, kada ka rubuta a nawa." Na duba, haka ne, na rubuta.